Mai ko rana: amsa ga mai tambaya daga wata fada a Tawa

Wani matashi ne ya aiko mini da tambaya daga Tawa. Ya ce a fadarsu akwai dattawa biyu, dukansu iyayensa ne, waɗanda ba sa naɗe tabarma sai sun yi gardama a kan mai. Ɗaya ya ce Allah ya ba mu arziki a Agadem, a haƙo shi iya ƙarfi, zancen sola kuwa dabara ce ta Turawa don su hana mu abin da su suka ci suka ƙoshi. Ɗayan ya ce tun 2011 ake tace mai a Damagaram, shi bai ga abin da ya ƙaru da shi ba sai ɗaukewar kuran, don haka gara a bar man a ƙasa a kama rana. Kowannensu kuma yana jingina maganarsa ga jam'iyyar da ya yi wa hidima a da. Ya ce: malam injiniya, wa ke da gaskiya?

Ƙanena, ka fara gaishe mini da iyayen nan namu. Na yi shekaru ina gyaran grup mai shan gazwal, na kuma yi shekaru ina kafa panon sola a ƙauyukan Adar, saboda haka duka abubuwan biyu da suke gardama a kai na taɓa su da hannuna. Abin da zan gaya maka shi ne sun haɗa abu biyu da aikinsu ba ɗaya ba ne. Man Agadem, a wurinmu, kuɗi ne, kuma kuɗi ne mai ƙarewa. Rana ita ce za ta iya zama wuta a gidan talaka. Inda ya kamata gardamar ta tsaya shi ne hanyar da kuɗin man zai bi ya zama wutar, da kuma abin da za mu yi in rana ta faɗi.

Zancen jam'iyya ba zai ɗauke mu lokaci ba, don tarihin yana nan a fili. Tandja Mamadou na MNSD-Nassara ne ya ƙulla yarjejeniyar Agadem da kamfanin CNPC na Sin a 2008, shi ne kuma ya aza harsashin madatsar ruwan Kandaji a wannan shekara. Aka kifar da shi a Fabrairun 2010 kafin ya ga ƙarshen aikin. Issoufou Mahamadou na PNDS-Tarayya ya buɗe matatar SORAZ ranar 28 ga Nuwamba 2011, ya ƙaddamar da aikin bututun da zai bi ta Benin a 2019, kuma a zamaninsa ne aka buɗe tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, nan cikin jiharku. Mohamed Bazoum ya buɗe tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 a Yulin 2023, makonni kaɗan kafin juyin mulki. Sojojin da suka karɓi mulki su suka buɗe bututun a Nuwamban 2023, jirgin farko ya yi lodi a Mayun 2024. Ka duba jerin nan da kyau. Babu gwamnatin da ta ce mai kaɗai, babu wadda ta ce rana kaɗai. Kowa ya gaji aikin wani, ya yanke kirtani, ya ce nasa ne. An rushe jam'iyyun ma a Maris 2025, amma gardamar ba ta tashi daga tabarma ba, wanda ke nuna maka cewa tun can ba ta jam'iyya ba ce.

Ina jin wani ɓangare na zafin nan daga rediyo da wayoyi yake shigo mana. A Amurka da gaske ne maganar ta rabu gida biyu: ƴan Republican suna kiran a haƙa, ƴan Democrat suna kiran a rage hayaƙi. Trump ya fitar da ƙasarsa daga yarjejeniyar yanayi ta Paris, Biden ya maida ita a 2021 ya kuma soke izinin bututun Keystone XL, Trump ya dawo ya sake fitar da ita a Janairun 2025. Amma ka ji abin da ya faru a ƙasa. A zamanin Biden ɗin ne Amurka ta haƙo man da ba ta taɓa haƙo irinsa ba, sama da ganga miliyan 13 a rana. Jihar Texas kuwa, gidan ƴan Republican kuma cibiyar mai, ita ce kan gaba wajen samar da wuta daga iska. Masu zuba jari lissafin riba suke bi, ba kalar hular ɗan siyasa ba. Sannan gardamarsu ta mutanen da kowane gida ke da wuta ce, suna ja-in-ja a kan da me za a kunna ta. Mu a Nijar kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki. Wanda ke cikin duhu bai kamata ya ari faɗan masu fitila ba.

Dattijon farko yana da gaskiyar da ba zan tauye masa ba. Bankin Duniya ya sanar a 2017 cewa bayan 2019 ba zai ƙara ba da kuɗin neman mai da haƙo shi ba, kuma a taron Glasgow na 2021 ƙasashe da dama sun yi alkawarin daina zuba kuɗin gwamnati a ayyukan mai na ƙasashen waje. Alhali Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. A ce wa Nijar ta bar manta a ƙasa don ceton duniya rashin adalci ne, ni ma ban yarda da shi ba. Inda na rabu da shi shi ne cewa rana ta Turawa ce. Ɗan Tasawa ne, Farfesa Abdou Moumouni, ya riƙe ofishin binciken makamashin rana na ONERSOL a Yamai tun ƙarshen shekarun 1960, suna ƙera na'urorin dafa ruwa da rana a lokacin da yawancin ƙasashen Turai ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Sunansa ne a kan jami'ar Yamai har yau. Panon da ke cikin kasuwar Tawa kuma kusan duka daga Sin yake zuwa, ƙasar da kamfaninta ke haƙa a Agadem. Su masu haƙar ba su ga saɓani tsakanin biyun ba.

Dattijo na biyu shi ma ya wuce gona da iri da ya ce man bai tsinana komai ba. Kafin 2011 kowace lita da muke ƙonawa daga waje take shigowa. Amfanin da na fi gani da idona kuwa shi ne gaz na girki, wanda ya samu, ya kuma yi sauƙi bayan buɗe SORAZ. Kai ɗan Adar ne, ka san wahalar da iyayenmu mata suka sha a Keita tun daga 1984, suna ɗaukar duwatsu a ka don tare zaizayar ƙasa da maido da itatuwa. Har yau mafi yawan tukwanen ƙasar nan da icce ake ɗora su. Duk kwalbar gaz da ta shiga gida, wani icce ne ya tsira a daji. Pano ba zai tuƙa tuwon gida mai mutum ashirin ba a kuɗin da talaka zai iya biya, ba kuma zai ja motar albasa daga Galmi zuwa Abijan ba. Waɗannan ayyukan mai ne, za su daɗe a hannunsa.

Sai dai mai a ƙasa ba wuta ba ce a gida, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Mun koyi darasin a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rarrabawa. Muna da rijiyoyin mai, muna da matata, amma Yamai ta kwana cikin duhu, mu ma a Tawa da Ƙonni muka ɗanɗana. To me ya hana a ƙona man a yi wuta? Ana yi, tashar Gorou Banda mai injuna da aka buɗe a 2017 aikinta ke nan. Tsada ce matsalar. Lita ɗaya ta gazwal a ƙaramin grup tana ba ka wutar da ba ta wuce kilowat-awa 3 da ɗan ɗori ba. In lita tana sefa 618, kowane kilowat-awa ya tashi kusan sefa 200 a kuɗin mai kaɗai, ba a sa gyara ba, ba a sa man juye ba. Wannan ya fi abin da gida ke biya a takardar NIGELEC. Manyan injuna sun fi tsimi, amma su ma kullum sai an ba su abinci, kuma duk gangar da aka ƙona ganga ce da ba a sayar ba. Najeriya na haƙo ninkin namu fiye da goma, tun 1956 aka gano mai a Oloibiri, amma ka tambayi ƴan'uwanmu na Sakkwato yadda suke kwana da ƙarar janareta.

Yanzu in gaya maka laifin rana, don masu tallarta ba sa faɗa. Na farko, tana faɗuwa. Lokacin da gari ya fi buƙatar wuta shi ne bayan magariba a watannin bazara, Afrilu da Mayu, sa'ad da kowa ya kunna fanka da firji, kuma a daidai lokacin pano ba ya ba da ko ɗigo. Na biyu, zafin da muke alfahari da shi yana rage masa ƙarfi. Ana auna ƙarfin pano ne a digiri 25, kowane digiri da ya ƙaru yana zaftare masa kusan kashi 0.4 cikin 100, kuma da azahar a Tawa gilashin yakan haura digiri 60, har ba ka iya ɗora tafin hannu a kai. Na uku, ƙura. A lokacin hunturu in ka ja yatsa a kan gilashin da aka bari mako biyu, sai ka ga layi baƙi ya fito cikin ja, kamar ka yi rubutu a allo. Duk wannan jan wuta ce da ba ta shiga ba.

Babban ciwon kuwa batir ne. Akwai wani gidan likita na ƙauye da muka sa wa pano da firjin ajiye allurar rigakafi, da kuɗin wani shiri na taimako. Ranar buɗewa an yi kiɗa, an yi jawabi. Bayan shekara uku hanya ta bi da ni ta wurin, na tsaya. Panon na nan lafiya lau a kan rufi, na auna, yana ba da wutarsa. Na buɗe akwatin batir na tarar sun kumbura, kawunansu sun yi fari da gishiri. Firjin an maida shi wurin ajiye takardu. Ungozomar ta nuna mini yadda take karɓar haihuwar dare, wayar salula a baki don hannuwanta biyu su samu aiki. Ba wanda ya saci komai a wurin. Kawai dai babu wanda ya rubuta a kasafin kuɗi cewa batir mai ruwa a irin zafinmu ba ya daɗewa, kuma ranar da ya mutu sai an samu mai saye. Tun daga ranar ban ƙara yarda in kafa pano a wuri ba sai an nuna mini asusun da za a sayi batir na biyu. Batiran lithium na yanzu sun fi juriya, kuɗinsu ma ya sauko, amma su ma suna da ranar mutuwa.

Akwai kuma inda rana ba ta da abokin takara, shi ne ɗaga ruwa. Ba a buƙatar batir ko ɗaya. Rana ta fito famfo ya tashi, ruwa ya hau shato, rana ta faɗi ruwan na nan sama yana jiran mai buɗewa. Shaton shi ne batirin. Na san wani manomin albasa a fadamar yankin Madawa da duk safiya sai ya aika yaro bakin hanya wurin ƴan ruwa-ruwa ya sayo kwalabe kafin motopom ta tashi. Da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023, man kwalba ya daina araha, sai ya rage fangalin da yake shukawa. Daga baya ɗansa da ke bida a Abijan ya aiko da kuɗi aka sa masa pano da famfon nutso. Da na koma duba aikin, ba zancen kuɗi ya fara yi mini ba, cewa ya yi yanzu yana jin kukan tsuntsaye a garkarsa. Farashin pano ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, shi ya sa abin da a da sai gwamnati ko ƙungiya, yau ɗan cin rani ke saya wa mahaifinsa.

To, ga lissafin da nake so ka kai wa dattawan, don shi ne zuciyar maganar. An gina bututun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, don ya ɗauki ganga 90,000 a rana. Mu ɗauka ya cika, mu ɗauka ana sayar da ganga dalar Amurka 70, dalar kuma tana sefa 600. Kason Nijar a wannan mataki kusan ɗaya ne cikin huɗu, saboda kamfanin yana cire kuɗin da ya zuba. Abin da zai zo mana bai kai sefa biliyan ɗaya a rana ba. In ka raba shi ga ƴan ƙasa sama da miliyan 25, kowa zai tashi da kusan dala bakwai a lissafin kasuwa, wato sefa 35, ko kuɗin ruwan leda biyu bai kai ba. Amma in ka tara shi shekara guda, ya haura biliyan 300. Tashar sola ta Gorou Banda kusan biliyan 20 ta ci. Ke nan kuɗin man shekara ɗaya ya isa ya gina irinta fiye da goma sha biyar. Ba ina cewa a zuba shi duka a sola ba, akwai makaranta, akwai asibiti, akwai tsaro. Ina so ne ka ga girman abin da ƙanƙantarsa a lokaci guda. Man nan bai kai ya azurta kowa ba in an watsa shi, amma ya isa ya canza ƙasa in an tara shi wuri ɗaya aka yi gini da shi.

Shi ya sa nake jin tsoron hanyoyin da kuɗin ke zurarewa ba tare da ya bar alama ba. Ɗaya ita ce cin shi tun bai zo ba. A Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga CNPC, a biya da ɗanyen mai. Na fahimci matsin da aka shiga bayan takunkumi, amma man da aka ci kuɗinsa jiya ba zai gina komai gobe ba. Wata hanyar ita ce rage farashi a famfo. A Yulin 2024 an sauko da litar fetur zuwa sefa 499, gazwal daga 668 zuwa 618, mutane sun ji daɗi, kuma kowa ya tuna yadda ƙarin kuɗin gazwal na Agustan 2022 ya tada hankali har ya haifar da ƙungiyar M62. Sai dai wanda ya fi cin moriyar mai mai araha shi ne mai mota biyu a Yamai, ba matar da ke jan guga a Bouza ba. A Maris 2025 kuma muka ga layukan motoci da ƴan kabu-kabu a gidajen mai, a ƙasar da ke fitar da ɗanyen mai zuwa waje, saboda matatar mai ganga 20,000 a rana ba ta ƙara isar mu tun da man sumoga ya janye.

Maƙwabtanmu na Cadi sun riga mu bin wannan hanya. Sun fara fitar da mai a 2003 da alkawarin ware wani kaso don ƴan baya. Ba a yi shekara uku ba aka canza dokar, aka soke asusun. Ga kuma farashi da ba ya hannun kowa a cikinmu: ganga ta haura dala 100 a 2014, ta faɗo ƙasa da 30 a farkon 2016. Bututun namu ma ta ƙasar wani ya bi, kuma mun ga yadda rikici da Benin ya tsayar da lodi a 2024. Uranium na Arlit tun 1971 ake fitar da shi, ya haska biranen wasu, ƙauyukan da ke kusa da ramin suna kunna tocila. Ba na so jikokinmu su faɗi haka a kan Agadem.

Matsayina ke nan, in sun tambaye ka. A haƙo man, a sayar, amma a riƙa bayyana wa jama'a ganga nawa aka loda da nawa ya shigo baitulmali, wata bayan wata, yadda malamin makaranta a Illela zai iya karantawa ya gane. A ɗaure wani kaso da doka mai wuyar kwancewa, ya tafi ga abin da zai rage bayan rijiyar ta ƙafe: layukan wuta da za su haɗa jihohi, tashoshin sola kusa da manyan garuruwa, batiran da za su riƙe awannin magariba, famfunan rana a fadamu da rijiyoyin makiyaya, da kwalbar gaz ta farko ga gidan da bai taɓa mallaka ba. Doka ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin albarkatun ƙasa ga yankunan da ake haƙo su, mutanen Difa suna da haƙƙin su ga nasu a ƙasa. Injunan mai kuma a bar su a matsayinsu na masu gadin dare, su tashi in rana ta faɗi, su huta in ta fito. Duk litar da pano ya hana a ƙona da rana, lita ce da za a sayar ko a ajiye wa dare.

Na san a Tawa ba a rufe irin wannan hira sai an ambaci gawayin Salkadamna. Gawayin yana nan, kuma kamfanin gawayi na SONICHAR ya nuna a Anou Araren cewa ana iya yin wuta da namu. Amma masu ba da bashin gina irin wannan tasha sun yi ƙaranci, Sin kanta ta sanar a 2021 cewa ta daina gina sababbin tashoshin gawayi a ƙasashen waje, ga shi kuma tasha ce mai shan ruwa a yankin da ruwa ke da tsada. Ni na fi sa rai ga Kandaji mai megawat 130, domin ruwan madatsa ana iya riƙe shi da rana a sake shi da dare, abin da pano ya rasa ke nan. Tun 2008 aka aza harsashinta, yaron da aka haifa a shekarar yau ya isa aure, ba ta ba da wuta ba tukuna. In dattawan nan biyu suna neman abin da za su haɗa baki su tambayi duk wanda ke kan mulki, su tambaye shi ranar da za a gama ta, da kuma nawa ne daga kuɗin jirgin man da ya tashi daga tashar Seme ta Benin a watan jiya aka sa a cikinta.